Tambayoyinku: Wa zai ɗauki kofin besbol na bana?

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk wuri guda suka nufa, wato kakar besbol ta Amurka ta 2026, wadda za a buɗe a makon ƙarshe na Maris, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla. A da sai a yi shekara ban ga takarda ko ɗaya kan wannan wasa daga unguwanninmu ba. Yanzu waya ta kai shi har ɗakin yara, iyaye kuma sun fara tambaya. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda fili.

Malam, ni direba ne a Jidda. Ɗana ya kamu da son Shohei Ohtani, tauraron ƙungiyar Los Angeles Dodgers, har ya ja ni ciki, yanzu tare muke kallo. Yana ta cika baki wai Dodgers ta riga ta ɗauki kofi na uku a jere. Don Allah ka faɗa mana ba kwana-kwana, wa zai ci bana? — Wani direba, Karantina, Jidda

Alhaji, Allah ya raya mana yaron. Tunda ba ka son kwana-kwana, ga maganata. Dodgers ta fi kowa ƙarfi, kuma ita nake sa ran za ta fi kowa cin wasanni daga Maris zuwa ƙarshen Satumba. Amma da za ka tsare ni ka ce in zaɓa tsakanin "Dodgers za ta ɗauki kofi" da "wata daga cikin sauran 29 za ta ɗauka", na biyun zan kama nan take. Bari in nuna maka yadda maganganun biyu suke zama wuri ɗaya.

Ƙungiyoyi 30 ne, an raba su gida biyu, American League da National League, kowane gida kuma an kasa shi yankuna uku. Kowace tana buga wasa 162 cikin wata shida, kusan kullum ana fili. Gasar Roshn, wato lig ɗin ƙwallon ƙafa namu na nan Saudiyya, wasa 34 ne kacal. A wasa 162 ƙarya ba ta daɗewa, mai ƙarfi yakan taso sama komai daɗewa. Sai dai tazarar da ke tsakanin gwani da kurar baya ba ta kai ta ƙwallon ƙafa ba. Hilal ta gama kakar 2023/24 ba wanda ya doke ta a lig. A besbol ko a mafarki ba a ganin haka. Milwaukee Brewers, wadda ta fi kowa a 2025, ta ci 97 ta sha kashi 65. Colorado Rockies kuwa, da ta sha kashi 119, ita ma ta ci 43. Kowace rana akwai ƙaramar ƙungiyar da ke kayar da babba, kuma babu mai mamaki.

Bayan wannan doguwar tafiya sai ƙungiyoyi 12 su shiga wasannin Oktoba. Zagayen farko wanda ya fara cin 2 cikin 3 ya wuce, na biyu 3 cikin 5, na uku da na ƙarshe, wato World Series, 4 cikin 7. Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwar Balad ta Jidda ya san cinikin shekara shi ke nuna ɗan kasuwan gaske, amma cinikin kwana uku ko yaron da ya buɗe jiya yana iya fin ka. Wasannin Oktoba cinikin kwana uku ne.

Tarihi ya sha nuna haka. Daga 1995 zuwa 2025, kaka 31 ke nan, sau 8 kawai ƙungiyar da ta fi kowa nasara a kaka ta ɗauki kofi, biyu daga ciki ma kunnen doki ta yi da wata a saman tebur. Seattle Mariners ta ci 116 a 2001, Yankees ta kore ta tun kafin wasan ƙarshe. Ita kanta Dodgers ta ci 111 a 2022, San Diego Padres mai 89 ta fitar da ita a karon farko da suka haɗu. St. Louis Cardinals kuwa da nasara 83 tak ta ɗauki kofi a 2006.

Ka ce yaron ya ɗauki biro. A ɗauka Dodgers ta fi duk wadda za ta haɗu da ita a Oktoba, ta yadda cikin wasa 100 za ta ci 55. Damarta ta tsallake zagayen wasa 5 kashi 59 ce, na wasa 7 kuma kashi 61. Tunda waɗanda suka fi nasara a kaka ba sa buga zagayen farko, tana bukatar ta tsallake uku a jere: na wasa 5 ɗaya, na wasa 7 biyu. In ka ninka su, kashi 22 za ka samu. Ko ka ɗaga ta zuwa 60 cikin 100, wanda ƙarfi ne na fitar hankali a tsakanin manyan ƙungiyoyi, abin da za ka samu kashi 34 ne. Shi ya sa nake cewa damarta tana tsakanin ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin uku. Babu wata ƙungiya da ta kai ta ita kaɗai, amma in aka haɗa sauran duka sun rinjaye ta nesa.

Kuma ku tuna yadda aka ɗauki kofin bara. A ɗakina a Khubar na kalli wasa na 7 na World Series. An fara ƙarfe uku na dare agogonmu, na fita na yi asuba na dawo ana yi, har rana ta fito motocin makaranta suka fara wucewa ba a gama ba. Toronto Blue Jays tana gaba da maki 4 da 3 a zango na tara, wato na ƙarshe a ƙa'ida, saura ta fitar da mutum biyu ta ɗaga kofi a gidanta. Sai Miguel Rojas, na tara a jerin masu bugu, mutumin da aka fi sani da tsaron fili, ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, Dodgers ta farke 4 da 4. Da Toronto ta karɓi bugu ta cika da mutane tashoshi ukun da ake bi kafin a dawo gida a ci maki, aka fitar da mai gudunta a bakin gida da tazarar da sai da aka sake duba hoto kafin a tabbatar. Shayin da na zuba ya huce a hannuna ban kurɓa ba. A zango na 11 Will Smith ya buga tasa ta wuce katanga, Yoshinobu Yamamoto, wanda ya yi jifa 96 a daren jiyansa, ya rufe wasan 5 da 4. In ka tara makin wasanni bakwai ɗin, Toronto 34 ta ci, Dodgers 26. Wadda ta ci 26 ita ta tafi da kofi.

Abin da ke hannun Dodgers ba kaɗan ba ne: Ohtani, Mookie Betts, Freddie Freeman, Yamamoto, Blake Snell, ga Edwin Díaz da ta ɗauko don rufe wasa, inda ta fi shan wahala bara, ga kuma Kyle Tucker. Abin da ke ba ni tsoro shekaru ne da gwiwar hannu. Freeman ya kai 36, Betts 33, Clayton Kershaw ya yi ritaya. Tun Yankees ta 1998 zuwa 2000 ba a sake ganin mai ɗaukar uku a jere ba. Ka bar yaron ya so ƙungiyarsa, amma ka gaya masa ba a ɗaukar kofi a watan Maris.

Baba, ina karatu a Madina. Nakan ga an rubuta cewa ƙungiya kaza za ta ci wasa 91, wata 78, tun ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Daga ina suke samo waɗannan lambobi? Ni ma zan iya yi da kaina? — Wani ɗalibi, Madina

Ɗana, za ka iya, kuma wannan tambaya ta fi duka yi mini daɗi. Takarda da biro da na'urar lissafin wayarka sun isa ka kai kusa da inda manyan ke kaiwa.

Fara da maki, ka bar yawan nasara tukuna. Wani Ba'amurke mai suna Bill James, wanda ya fara rubuce-rubucensa a shekarun 1970 yana gadin dare a wata masana'anta, shi ya lura cewa makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta sun fi teburin nasara faɗin gaskiya. Ga hanyar. Ka ninka makin da ta ci da kansa. Ka ninka wanda aka ci ta da kansa. Ka raba na farko da jimillar biyun. Misali ta ci 800, an ci ta 700: 640,000 a raba da 1,130,000, zai ba ka kashi 56.6, wato nasara 92 cikin 162. In ƙungiyar nan ta gama da 99, to sa'a ta yi mata rana, ka sa ran za ta sauko. In ta gama da 84, an danne ta ne, ka sa ran za ta taso. A taƙaice duk ƙarin maki 10 yana daidai da nasara ɗaya.

Ga shi a aikace. Padres ta 2023 ta fi abokan karawarta da maki 104, lissafi ya ba ta nasara 93, amma 82 ta samu, domin duk wasan da aka tashi da tazarar maki ɗaya kusan ita ke kwana ciki, 9 ta ci ta sha kashi 23. Mutane suka ce ƙungiyar ba ta da zuciya. Ta yi musanyar Juan Soto, babban ɗan wasanta, da wasu 'yan wasa, sannan a 2024 ta ci 93 cif. Texas Rangers ta 2016 akasin haka ce. Maki 8 kacal ta fi abokan karawarta, amma ta ci 95, saboda a wasannin tazarar maki ɗaya ta ci 36 ta faɗi 11. Shekara mai zuwa 78 ta samu.

Da wannan ma'auni nake kallon gidan American League bana. Yankees da Blue Jays duk 94 suka ci bara. Amma rarar makin Yankees ta haura 160, ta Toronto ba ta kai 80 ba. Kuma Yankees ta yi haka ba tare da Gerrit Cole ba, babban mai jifanta, wanda aka yi wa tiyatar gwiwar hannu a Maris na 2025 bai jefa ko ɗaya ba duk kakar. Toronto ta ƙara Dylan Cease, ba za ta faɗi warwas ba. Duk da haka Yankees na sa gaba a yankinsu.

Na biyu, ɗan wasa ɗaya-ɗaya. Akwai tsarin da ake kira Marcel, na Tom Tango, wanda da gangan aka yi shi mai sauƙi don a riƙa auna sauran da shi. Ka ɗauki shekara uku na baya, ta bara ka ba ta nauyi 5, ta kafin ta 4, ta kafin nan 3. Gwada da Cal Raleigh, mai kamun Mariners, wato mai tsugunawa bayan mai bugu yana kama jifa, wanda ya tsallakar da ƙwallo 60 bayan katanga bara, abin da babu mai kamun da ya taɓa yi. A 2024 ya yi 34, a 2023 ya yi 30. Wato 300 da 136 da 90, jimilla 526, a raba da 12, kusan 44. Sannan ka ɗan ja shi zuwa matsakaicin 'yan wasa, domin duk wanda ya yi kakar da ta wuce misali akwai sa'a a ciki, sai ka tsaya wajen 40. Magoya baya ba sa son jin wannan. Gani suke an raina gwarzonsu. Ni ina ganin mai kamun da ake sa ran zai yi 40 an girmama shi iyakar girma. A ƙarshe ka duba shekaru: wanda bai kai 27 ba ka ɗan ƙara masa, wanda ya haura 30 ka fara rage masa kaɗan-kaɗan.

Manyan tsare-tsare irin su PECOTA, wanda Nate Silver ya fito da shi a 2003, da ZiPS na Dan Szymborski, a kan wannan tushe suka yi gini. Sun ƙara kwatanta ɗan wasa da masu kama da shi a tarihi, da yanayin filin kowace ƙungiya, sannan su sa kwamfuta ta buga kakar sau dubbai su ɗauki matsakaici.

Amma akwai iyakar da ba mai iya ƙetarewa, kuma ina so ka riƙe ta. Ka jefa kwabo sama sau 162. Ba lallai ka samu 81 da 81 ba, yawanci zai karkata da wajen 6 sama ko ƙasa, wani lokaci ma 12. Haka ƙungiya take. Ko da ka san ƙarfinta na haƙiƙa ba kuskure, wadda ta cancanci 88 tana iya gamawa da 82 ko 94 ba tare da komai ya canza ba. Tsakanin 82 da 94 kuwa akwai shiga Oktoba da zaman gida. A kan wannan sai ka ɗora rauni, da cinikin 'yan wasa na ƙarshen Yuli, da yaron da ba wanda ya san sunansa a Maris. San Francisco Giants ta 2021 an yi mata hasashen ba za ta ci ko rabin wasanninta ba, ta ci 107. Toronto ta gama a ƙarshen yankinta a 2024 da nasara 74, bara saura ƙiris ta ɗaga kofi. Don haka in ka rubuta lambarka, ka rubuta ta da faɗi, ka ce 85 zuwa 97.

Kai da zuciya ba koyaushe suke tafiya tare ba. Lissafina ya ce Dodgers da Yankees. Addu'ata tana wajen Mariners, ƙungiya ɗaya tilo da ba ta taɓa buga World Series ba tun kafa ta a 1977, wadda bara a zagaye na uku ta kai wasa na 7 da Toronto, Mariners ɗin tana gaba, aka juye mata a zango na bakwai. Suna da masu jifa, suna da Julio Rodríguez a ganiyarsa. Ina ganin su za su ci yankinsu.

Kawu, mu 'yan Ittihad mun ga abin da kuɗi ke yi. An kawo manyan 'yan wasa, an ɗauki lig. To a besbol ba haka ba ne? Mai kuɗi ya sayi gwanaye ya huta mana. — Wani matashi, Shari' Mansur, Makka

Kuɗi na aiki, ɗan'uwana, ba zan musa ba. Dodgers ta ba Ohtani dala miliyan 700 na shekara 10, ta ɗauki kofi biyu a jere. Amma New York Mets ta kashe albashin da ba a taɓa gani ba a 2023, ta gama da nasara 75. Ta ba Soto miliyan 765 na shekara 15, ya yi wasa mai kyau bara, ƙungiyar ta ci 83 ba ta ko shiga Oktoba ba. Brewers, mai ƙaramin aljihu, ita ta fi kowa.

Dalilin yana cikin tsarin wasan. A ƙwallon ƙafa kana iya ba gwaninka ƙwallo duk lokacin da ka so. A besbol layi ake bi, mutum tara, sai naka ya zo. Gwani yana bugu sau 4 ko 5 a wasa, kamar yadda mafi rauni a jerin yake yi. Babban mai jifa kuma wasa ɗaya cikin biyar yake fitowa, wajen 32 a kaka. Ohtani da Mike Trout, biyu daga cikin gwanayen zamaninsu, sun yi shekara shida tare a Angels, 2018 zuwa 2023, ba su taɓa gama kaka da nasara fiye da faɗuwa ba. Paul Skenes ya zama gwarzon masu jifa na National League bara, amma 10 ya ci ya sha kashi 10, Pittsburgh Pirates ta gama da 71. In kana son sanin ƙungiya, bar tauraron, ka tambayi waye mai jifanta na huɗu da na biyar, kuma wa zai shigo in ɗayansu ya ji ciwo. Nan kuɗin Dodgers ya fi amfani.

Malam, ni uwa ce. Ɗana mai shekara 19 kullum yana kan waya yana lissafin wa zai ci. Na ji yana cewa wani abokinsa ya nuna masa manhajar da ake sa kuɗi. Shi ya ce ilimi ne, tunda lissafi yake yi. Hankalina bai kwanta ba. Shin wannan hasashe ba duba ba ne? — Wata uwa, Misfala, Makka

Hajiya, gara da kika rubuto, kuma kin yi daidai da hankalinki ya tashi. Abu biyu ne a nan, kada su cakuɗe.

Hasashen da nake yi a wannan shafi ƙiyasi ne daga abin da ya riga ya faru, irin wanda masu duba yanayi ke yi. Ba ya da'awar sanin gaibu. Kin ga ma duk bayanina na sama a kan iyakar saninsa ya tsaya. Yaron da ke zama da biro yana raba 526 da 12 bai yi laifi ba, har ma yana koyon abin da zai amfane shi a makaranta.

Ranar da riyal ɗaya ya shiga, ya zama caca. Hukuncinta a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, dokar ƙasar nan ma ta hana. Kuma ki gaya masa lissafin da yake taƙama da shi ba ya bayansa. Masu manhajar nan yawanci sukan karɓi 110 don su biya ribar 100. Mutum biyu, kowa ya zaɓi ɓangarensa, sun zuba 220. Wanda ya ci a ba shi 210, mai manhaja ya soke 10, ko wa ya ci. Kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai sai ya dace fiye da sau 52 cikin 100, har abada, a wasan da mafi ƙarfin ƙungiyoyi ke faɗuwa sau 4 cikin 10. Duk alƙaluman da ke wayarsa, masu manhajar sun riga shi gani, kuma da su suka yanka farashin.

Wasan kansa ya sha wuya a hannun caca. A 1919 'yan wasan Chicago White Sox suka karɓi kuɗi don a faɗi World Series, aka kori takwas har abada. Pete Rose, wanda ya fi kowa yawan bugu a tarihi, 4,256, an kore shi a 1989 saboda caca, ya rasu a 2024 ba a shigar da shi zauren gwanaye ba. Mai yi wa Ohtani tafinta, wanda kullum suke tare, ya kwashe masa kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca, aka ɗaure shi wata 57 a 2025. A Nuwamban bara kuma an gurfanar da masu jifa biyu na Cleveland bisa zargin suna karkatar da jifa don masu caca su ci.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da mu baƙi muke ciki. Yaron da ya ci bashi a nan ba shi kaɗai ya shiga uku ba, gidan duka ne, da iƙama da wurin aiki da mutuncin da aka yi shekaru ana tarawa. Kada ki ƙwace wayar da faɗa, ɓoyewa zai koma yi. Ki sa babansa ko kawunsa ya zauna da shi su duba ko akwai katin banki a haɗe da wata manhaja, a cire. Sannan a bar masa lissafinsa. Ya rubuta hasashensa na ƙungiyoyi 30 a takarda, ya sa kwanan wata, ki ajiye masa a cikin akwatinki. A watan Oktoba ku buɗe tare.

Malam, ni ɗan Mai Wurno ne, yaƙi ya kawo mu Riyad. Wasan ya fara burge ni. Akwai namu a ciki kuwa? Kuma yaushe ake kallo, tunda ina da aikin safe? — Wani magini, Riyad

Allah ya kawo zaman lafiya Sudan, ya mayar da kowa gidansa. Ɗan Afirka na farko da ya buga babbar gasar shi ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a Pirates, cikin Afrilun 2017. Yuganda ce ke tasowa yanzu. Yaranta na garin Lugazi sun buga gasar yara ta duniya a Amurka a 2012, karo na farko ga wata ƙungiya daga Afirka, kuma Dodgers da Pirates sun ɗauki matasanta a ƙananan ƙungiyoyinsu. A nan Saudiyya ma wasan ba baƙo ba ne. Ƙungiyar yaran ma'aikatan mai ta Zahran ta je waccan gasa shekara 12 a jere, 2000 zuwa 2011. A can ni na koye shi, lokacin da nake kai yaran maigidana atisaye. Ina zaune a benci da butar ruwan sanyi, wani dattijo mai rubuta sakamako ya ga ina leƙen littafinsa, ya matsa mini wuri, ya nuna mini yadda kowane jifa ke da alamarsa a takarda.

Lokaci kuwa sai haƙuri. Wasan ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka ƙarfe 2 na dare ne a nan. Na Kalifoniya yana farawa ƙarfe 5 na asuba, shi ya fi dacewa da mai aikin safe: ka yi salla, ka sayo tamis da ful, ka kalli zango huɗu ko biyar kafin motar aiki ta zo. Wasannin ranar Lahadi da suke yi da rana suna faɗowa wajen ƙarfe 8 na dare a wurinmu. Tun da aka sa wa masu jifa agogo a 2023, wasa ya ragu daga sama da awa 3 zuwa kusan awa 2 da minti 40. Bana kuma akwai sabon abu: mai jifa ko mai kamu ko mai bugu zai iya dafa hularsa ya ƙalubalanci hukuncin alƙali a kan jifa, na'ura ta raba gardama. Kowace ƙungiya tana da dama biyu a wasa, in ta yi gaskiya ba a rage mata.

Shawara ɗaya tunda sabon shiga ne kai: kada teburin Afrilu ya ruɗe ka. Washington Nationals ta ci 19 ta faɗi 31 a farkon 2019, ita ta ɗauki kofi. Bara Cleveland tana bayan Detroit da tazarar wasa 15 da rabi a watan Yuli, ta kamo ta ta ci yankin. Babbar salla za ta zo a ƙarshen Mayu, lokacin kowace ƙungiya ta buga kusan sulusin wasanninta. Sannan ne za ka ɗauki makin da ƙungiyarka ta ci da wanda aka ci ta, ka yi lissafin da na nuna wa ɗalibin Madina, ka aiko mini da abin da ka samu in saka a wannan shafi.